Awarwaron igiya irin na ma'aikatan jirgin ruwa: me ya sa yake fitowa a karkace?

Tambaya: Wata 'yar'uwa mai sana'ar haɗa sarƙa da abin hannu na duwatsun ado ta rubuto cewa ta ga wani awarwaro na igiya mai kama da kitso, wanda ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa, aka ce mata aikin ma'aikatan jirgin ruwa ne. Ta sayi igiya a kasuwa ta gwada har sau huɗu. Kowanne ya fito a karkace, gefe ɗaya a tamke, ɗayan a sake, na ƙarshen ma ya ƙi shiga hannu. Tana son sanin wace igiya ce ta dace, wane ƙulli za ta koya, kuma ina take kuskure.

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Gwajin nan huɗu bai tafi a banza ba, domin duk wanda ya kai ga fitar da zobe, ko a karkace ne, hannunsa ya riga ya gane hanyar igiyar. Matsalarki tana wurin ja, sai kuma awo. A kan waɗannan biyun zan daɗe, sauran in bi su da sauri.

Masu jirgin ruwa na Ingila da Amurka suna kiran wannan ƙulli da sunan da ke nufin kan Baturke, saboda yadda igiyar ke hawa juna kamar naɗin rawani. Ni ƙullin rawani nake ce masa. Asalinsa kayan aiki ne. A zamanin jiragen da iska ke turawa, sitiyarin jirgi wata babbar ƙafa ce ta katako mai hannaye a kewaye. Sai a ɗaura ƙullin a hannu guda, wanda ke tsayawa a sama idan jirgi ya miƙe sak, don matuƙi ya gane shi da lalube cikin duhun dare. Ana kuma ɗaura shi a wurin riƙo don kada hannu ya zame. Masu farautar wel, manyan dabbobin nan na teku, sukan yi shekara uku ko huɗu ba su ga gida ba, ga guntayen igiya birjik, ga dogon zaman jira, sai aikin ya rikiɗe ya zama ado. Har yau a tsibirin Nantucket na jihar Massachusetts a Amurka, farin awarwaron auduga mai wannan ƙulli na daga cikin abin da aka san garin da shi. Clifford Ashley, wani mai zane ɗan garin New Bedford wanda ya bi jirgin farautar wel a 1904, shi ya tattara ilimin a kundin da ya fitar a 1944 mai ɗauke da ƙulli kusan 3,900, kuma masu sana'ar har gobe da lambobin kundin suke kwatance.

Ni na fara ganinsa a wuyan malaminmu na sikawut, domin zoben fatar da ke riƙe ƙyallen wuyansa ƙullin rawani ne. Koyo na gaske kuwa sai da na yi zaman aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, a hannun wani dattijo ɗan Gana da ya tsufa a teku. Zan dawo kansa.

Ki fara da duba igiyar da kika sayo. Idan ta roba ce irin ta shanya, shuɗiya ko ruwan ɗorawa, ki ajiye ta. Ga santsi, ga taurin kai, kin ja nan ta saki can, rana kuma tana cinye ta har ta riƙa marmashewa. Igiyar rama da ta kaba suna riƙe ƙulli sosai, sai dai suna sukar fata, ki bar su don maɗaurin makulli ko ɗan faifan ɗora kofi. Abin da kike nema shi ne igiyar auduga mai kaurin milimita 2 zuwa 3, mai tufka mai ƙarfi, wadda in kin matsa ta da farce ba ta bajewa. Ki duba wurin masu kayan teloli da masu labule, irin zagayayyiyar da ake zariyar wando da ita. In kina shakkar ko auduga ce, ki yanki ɗan guntu ki kai wa wutar ashana. Auduga kamawa take, ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda. Nailan kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Don koyo, ki samo mai kauri, kamar milimita 5 ko 6, wadda idonki zai ga kowane hawa da sauka.

Sai awo. Awarwaron rawani zobe ne rufaffe, ba maɓalli, dole ya ratsa ta tafin hannu kafin ya sauka a wuyan hannu. Wanda ya auna wuyan hannu kaɗai, ya ɗinka rigar da wuyanta ba ya shiga kai. Ki sa mai shi ta haɗe yatsunta, ta lanƙwasa babban yatsa ciki kamar za ta sa munduwa, ki zagaya tef ɗin tela a wuri mafi faɗi. Daga nan ki nemi abu zagayayye mai wannan girma ki yi aikin a kansa. Gwangwanin lemo na santilita 33, gajeren nan mai ƙiba, faɗinsa santimita 6.6 ne, kewayensa kusan 21, ya yi wa hannun mata da yawa daidai. Don babban hannu, ki naɗa masa kwali har ya kai awon. Kada ki ɗaura a kan yatsunki kamar yadda ake nunawa a wasu bidiyoyi. Wancan na ƙaramin zobe ne. Yatsu motsi suke, kuma ba girmansu ɗaya ba. Gwangwanin nan ba ya fita daga ciki sai an gama ja kaf. Ina kyautata zaton na huɗun naki ya ƙi shiga ne domin kin zare shi kin ƙarasa ja a hannu.

Ga yadda ake ɗaurawa. Ki yanki mita 3 da rabi, ki naɗe bakunanta biyu da salatif su yi tsini kamar na igiyar takalmi. Ki kwantar da gwangwani a gabanki, ki manne igiyar a kansa da salatif, ki bar jela ta mita 1 da ɗan ɗori tana reto ta wajenki. Da dogon ɓangaren ki zagaya gwangwanin sau biyu, igiyar ta tafi gaba ta dawo ta ƙasa, kowane zagaye ya kwanta a damar wanda ya riga shi, ba tare da sun hau juna ba. Yanzu layi uku ne a gabanki, na hagu, na tsakiya, da na dama wanda bakinsa ke hannunki. Kitso za ki yi, irin na gida mai sili uku, sai dai sili biyu zobba ne da ba su da baki.

Bakin igiyar ya tafi hagu, ya bi ta kan na tsakiya, ya shige ta ƙarƙashin na hagu. Ki juyo gwangwanin kaɗan wajenki. Ki ɗaga zoben da ke dama ki tsallakar da shi ta kan na hagu, za ki ga wani ido ya buɗe tsakaninsu mai siffar ƙwallon dabino. Bakin igiyar ya juyo dama, ya bi ta kan zoben da ya fara tararwa, ya nutse cikin idon, ya ɓullo ta ƙarƙashin na biyu. Gaba kaɗan zobban biyu sun koma mazauninsu da kansu, layi uku sun sake jeruwa kamar farko. Sai ki maimaita har ki zagayo. Tafiyar ƙarshe ta hagu ce, kan na tsakiya, ƙarƙashin na hagu, a nan bakin zai haɗu da jelar da kika manne.

Kafin ki ci gaba, ki ƙirga tozayen da suka fito a gefe ɗaya, wato lanƙwasoshin da igiya ke yi a bakin ƙullin. Ta wannan hanya za ki sami 4, 7, 10, 13 ko 16, domin kowane maimaici tozo uku yake ƙarawa. Ga gwangwanin lemo da igiyar milimita 3, tozo 13 nake yi, in igiyar ta fi siranta in kai 16. Akwai lissafi a ciki da ke burge ni har yau. Da igiya guda, ba za a taɓa samun ƙulli mai layi uku da tozo 12 ko 15 ba, domin bakin ba zai tarar da jelarsa a inda ya kamata ba. Ƙa'idar ita ce yawan layuka da yawan tozaye kada wata lamba ta raba su duka biyu ba saura. Mai layi huɗu dole tozayensa su zama mara, mai layi biyar kada su faɗa kan 5, 10 ko 15. Ranar da za ki matsa zuwa masu faɗi, wannan zai cece ki daga tufka da warwara.

A wannan mataki komai a sake yake, har biro ya iya shigewa ƙarƙashin kowace mahaɗa. Haka ake so. Yanzu bakin igiyar ya bi sawun jelar, kafaɗa da kafaɗa, inda ta hau ya hau, inda ta nutse ya nutse, har ya zagayo sau uku ya dawo mafari. Ya tsaya a gefe ɗaya nata kullum, kada ya tsallake ta. Ninki na uku ki yi shi da jelar, ta bi sawun baya, wannan ya rage miki jan doguwar igiya ta kowane rami. Duk sanda kika jawo igiya, ki lura da murɗewa. Tufkakkiyar auduga tana son nannaɗe kanta, in kika ja ta a haka, murɗin zai zauna a cikin ƙullin ya ɗaga wuri guda. Ki riƙe lanƙwasar tun tana babba, ki mirgina ta tsakanin yatsu biyu har ta kwanta, sannan ki ƙarasa jawowa.

To, ja. Na farkon da na kai wa dattijon nan, na gama shi cikin minti kaɗan, na kama bakunan biyu na fizga. Ya karɓa ya ɗora a kan guiwarsa, ya danna da babban yatsa a wurare uku, biyu suka yi tauri kamar dutse, ɗaya ya lotsa. Bai yi faɗa ba. Ya zaro ɗan tsinken ƙarfen da ke rataye a wuyansa ya sassauta ƙullin gaba ɗaya, sannan ya fara daga jela. Ya soka tsinken ƙarƙashin igiya ɗaya a tozon farko, ya ɗago ta kamar faɗin ƙwayar masara, ya danne bayanta da yatsa, ya matsa tozo na gaba ya ɗago rarar da ta taru, ya sake dannewa. Rarar tana ƙaruwa tana tafiya a gabansa kamar mai kora akuya, sai da ya bi zagaye tara cif ya fitar da ita ta ɗaya bakin. Da ya gama, ƙullin yana nan a sake, ɗan kaɗan kawai ya ragu. Ya sake farawa daga jela. Sau huɗu ya yi haka, daga bayan azahar har aka kusa kiran la'asar, yana yi yana ba ni labarin tashoshin da ya sauka da Hausarsa ta zango. Abin da ya miƙo min, layuka uku sun kwanta kamar an shafe su da dutsen guga.

Dalilin mai sauƙi ne. Igiyar tana bi ta mahaɗa da yawa, kowace mahaɗa tana riƙe ta kaɗan. Idan kin ja baki, ƙarfin yana ƙarewa a mahaɗa uku ko huɗu na kusa, su tamke, na nesa ko labari ba su ji ba. Karkatar da kike gani ke nan. Wurin da ya riga ya tamke kuma ba ya bari rara ta wuce ta cikinsa, ko nawa kika ƙara ja daga baya. Don haka igiya ɗaya ake bi, tozo bayan tozo, daga wannan baki zuwa wancan, ba a kama layuka uku a haɗe. Zagayen farko kusan ba ja ba ne, daidaita tazara ne: ki tura mahaɗun da yatsa har ramukan da ke tsakani su zama girma ɗaya a duk kewayen. Na biyu da na uku ki ɗebe rara kaɗan-kaɗan. Na ƙarshe kaɗai ake sa ƙarfi, shi ma daidai yadda igiyar za ta rungumi gwangwani ba tare da ta lotsa shi ba. Basilla da aka dakushe bakinta a kan dutse ta ishe ki, mai kaifi tana tsarge zaren. In kin ɓata inda kike, ki ɗaura ɗan jan zare a wurin kafin ki tashi. A hannuna, ɗaurawa da ninkawa ba sa kai kashi ɗaya cikin uku na lokacin aikin, sauran duk ja ne. Ki tuna da haka ranar da za ki yanka wa abin kuɗi.

Idan ya zauna, ki zare gwangwanin, ki juya awarwaron ciki ya koma waje. Ki shigar da kowane baki ƙarƙashin mahaɗa ɗaya ya kwanta kusa da maƙwabcinsa, ki ɗinke su da allura da zare mai launin igiyar, sannan ki yanke rarar da reza. Kada ki ɗiga gam ɗin nan mai kamawa nan take a kan auduga. Haɗuwarsu tana haifar da zafi har da hayaƙi, tana iya ƙona yatsa, kuma wurin ya bushe ya yi kaushi. Nailan ana narkar da bakinsa da leta a danne da bayan cokali, ba da yatsa ba, a shafa a ji babu tsinin da zai karci fata.

Auduga tana tsukewa in ta jiƙe, musamman da ruwan zafi. Masu awarwaron Nantucket da gangan suke amfani da wannan, a sa shi da ɗan yalwa, a jiƙa, ya tsuke ya zauna a hannu, wasu sai almakashi ke cire musu. Ga mai alwala sau biyar a yini kuwa, abin hannun da ba ya cirewa kullum a jiƙe yake, ya yi baƙi, ya fara wari, fatar ƙarƙashinsa ta yi laushi. Shawarata ki wanke igiyar da ruwan zafi ki shanya ta tun kafin ki fara aiki, ta gama tsukewarta, awarwaron ya riƙa shiga yana fita kamar munduwa.

Saboda wannan dalili, ki haɗa da masu maɓalli. Mafi sauƙinsu ita ce saƙar da wasu ke kira gamsheƙa, ana yin ta da igiyar laimar saukowa daga jirgin sama, farakod. Nailan ce mai kaurin kusan milimita 4, da zare bakwai a cikinta, sojojin Amurka suka yi amfani da ita a yaƙin duniya na biyu. Igiya biyu a tsakiya, biyu a gefe suna ƙulluwa a kansu, hagu da dama bi da bi. In kin manta kika maimaita gefe ɗaya, saƙar za ta fara juyawa kamar ƙahon rago. Dabarar ita ce ki yi da launi biyu, launin da ya fara bi ta gaba shi zai ci gaba da bi ta gaba har ƙarshe. Kowane santimita 1 na saƙa yana cin kusan santimita 12 na igiya, kuma ki ƙara santimita 2 a kan awon wuyan hannu, domin kaurin saƙar yana cinye fili ta ciki.

Maɓallin ma ƙulli ne. Wanda na fi so shi ne ƙullin daimon, wanda ma'aikatan jirgi ke yi a igiyar rataya wuƙa da usur. Yana farawa da ƙullin Karik, wanda ake haɗa igiya biyu da shi, a shimfiɗe, sai kowane baki ya ci gaba da zagayensa, ya wuce ƙafar da ke gabansa, ya ɓullo ta ramin tsakiya. Ki koye shi da launi biyu da igiya mai kauri. Shi ma da ja yake zama ɗan dunƙulallen maɓalli, in an fizge shi sai ya fito kamar tauna. Akwai kuma dunƙulen biri, naɗi uku ta fuska uku. A jirgi shi ne nauyin da ke bakin siririyar igiyar da ake jefawa gaɓa don a jawo babbar, na sha ganin ya faɗo a gabana a Apapa. Ƙa'idar aikin jiragen ruwa ta Birtaniya ta hana sa ƙarfe a cikinsa saboda kan mutanen da ke ƙasa. A awarwaro, ƙaramin dutsen adonki ya isa ya zauna a ciki. Maɗaukin da maɓallin zai shiga ya zama sai an ɗan tura, in ya shige salin-alin zai fita salin-alin. In kuma kina son wanda zai yi wa kowa, ki ɗaura kowane baki a jikin ɗan'uwansa da ƙullin masunta mai naɗi biyu, a ja ƙullan nesa da juna ya tsuke, a ja igiyar ya buɗe.

Abu ɗaya nake roƙonki kada ki yi wasa da shi. Farakod ta gaske tana ɗaukar kusan kilo 250 kafin ta tsinke. In ta maƙale a inji, hannu ne zai bi ta. Duk mai aiki a injin niƙa ko markaɗe, ko bakanike, ki gaya masa ya cire kafin aiki. Ƙananan yara kuwa kada ki yi musu rufaffe, hannunsu girma yake abin bai sani ba. Ki yi musu mai maɓalli mai sauƙin ɓallewa.

Wannan makon ki bar batun launi da ado. Ki warware ɗaya daga cikin huɗun nan in igiyar ta dace, ki ɗora a kan gwangwani, ki bi shi sau huɗu da basilla. In kin gama ki danna shi da yatsa a wurare uku kamar yadda dattijon ya yi min, ki rubuto ki gaya min yawan tozayen da kika ƙirga da inda ya lotsa, daga nan sai mu shiga mai layi biyar.